Ɗan Bushin Roba Da Kan Kwantar Da Babbar Mota A Gareji

Duk ma'aikacin da aikinsa kan kai shi rangadi a ƙauyukan da kwalta ba ta isa ba, ko malamin gona ne, ko na asibiti, ko mai duba makarantu, ya san darajar mota mai ja da ƙafa huɗu. Ita ce ke ratsa rairayi da rani, ita ce kuma ke keta taɓo da damina. Amma kaɗan ne daga cikin masu shiga irin waɗannan motoci suka san cewa akwai wani ɗan guntun roba a ƙarƙashinsu, wanda bai fi cikin tafin hannu ba, wanda in ya cinye aka ƙyale shi, yana iya jawo ɓarnar da za ta kwantar da mota wata da watanni a gareji. Makanikai suna kiransa bushin, kuma shi ne ke riƙe da difaransha ta gaba a jikin shasin mota.

Aikin da yake yi

Sa'ad da mota ta sha kwana, ƙafar da ke waje takan yi tafiyar da ta fi ta ƙafar ciki nisa, saboda haka tilas ne ta fi ta saurin juyawa. Difaransha, watau wata tukunyar ƙarfe mai haƙora da ke iyo cikin man giya, ita ce ke karɓar ƙarfin inji daga farfela ta raba wa ƙafafun nan biyu, ta kuma bar kowace ta juya gwargwadon bukatarta. Mota mai ja da ƙafa huɗu tana da ɗaya a baya, ɗaya a gaba.

A tsohuwar ƙira, kamar ta Land Rover wadda ta fara fitowa a Ingila cikin 1948, ko Land Cruiser 70 ta kamfanin Toyota wadda ake ƙerawa tun 1984, difaransha tana cikin doguwar sandar aksil guda ɗaya da ta haɗa ƙafafun gaba, tana hawa da sauka tare da su. Irin waɗannan ba su da wannan bushin. To, amma domin neman laushin tafiya sai maƙera suka sake tsari. Pajero ta kamfanin Mitsubishi ta fito da sabon tsarin cikin 1982, Prado ta bi sahu cikin 1996, sa'an nan Land Cruiser 100 cikin 1998, haka kuma Hilux ta zamanin nan take. A wannan tsari kowace ƙafar gaba tana hawa da sauka ita kaɗai, difaransha kuwa a ɗaure take a jikin shasi, shaf biyu masu gaɓoɓi suna kai ƙarfi daga gare ta zuwa ƙafafu.

Da za a ɗaure ta ƙarfe kan ƙarfe, da kukan haƙoranta da girgizarsu sun addabi na cikin mota, da kuma mariƙan ƙarfen da ke tallafe da ita sun tsage. Shi ya sa ake sa bushin a wuri biyu ko uku, gwargwadon ƙirar mota. Kowane ɗaya zoben ƙarfe ne a waje, da bututun ƙarfe a ciki inda noti ke ratsawa, sa'an nan roba mai tauri ta cike tsakaninsu. Duk lokacin da direba ya taka totur, tukunyar takan yi yunƙurin murɗewa, in ya ɗaga ƙafa kuma ta koma. Robar nan ce ke shanye wannan fizga. In an sa ƙaramar giya ta hawan dutse ko fita daga taɓo, a motocin Toyota ƙarfin murɗawar yakan ninka kusan sau biyu da rabi.

Abin da ke cinye shi

Babban abokin gaban roba shi ne mai. Baƙin mai da ke ɗiga daga inji, ko man sitiyari, ko man giya da ke tsatsa daga difaranshar kanta, in ya zauna a kan bushin sai ya kumbura shi ya yi laushi kamar tuwo. Zafi da daɗewa kuma kan busar da shi ya tsattsage. Ga gargadar hanyar burji wadda ba ta barinsa ya huta. Har ila yau akwai laifin direbobi. Mota irin Hilux, wadda sai an bukata ake sa mata ja da ƙafa huɗu, in aka bar ta a haka a kan busasshiyar kwalta, gaba da baya sukan riƙa jayayya da juna a kowace kwana, nauyin kuwa a kan farfela da bushin yake sauka.

Alamar farko ita ce ƙara guda, kwaram, daga ƙarƙashin ƙafafun direba, sa'ad da aka sa giya, ko aka taka totur, ko aka sake shi farat ɗaya. A nan ne bambancinsa yake da sauran cututtuka. Ƙarar da ke zuwa sa'ad da aka faɗa rami galibi ta shokozoba ce ko ta gaɓoɓin ƙafa, ƙas-ƙas ɗin da ake ji wajen shan kwana kuma na gaɓar shaf ne. Amma da yake gaɓar farfela da robar da inji ke zaune a kai su ma kan yi irin wannan ƙara, wajibi ne a duba kafin a sayi kome. Makaniki yakan shiga ƙarƙashi da tocila ya nemi tsaga, ko wurin da roba ta rabu da ƙarfe, sa'an nan ya sa tayaliba ya banƙara tukunyar. Lafiyayyen bushin yakan ɗan motsa ya dawo. Wanda ya mutu kuwa sai a ga tukunyar tana lilo.

Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi kan tsone maka ido. Difaranshar da ke lilo takan karkatar da shaf da farfela daga saitinsu, gaɓoɓinsu su ci da wuri, sil ya buɗe man giya ya zube, haƙora su yi ta cin juna a bushe. Wani lokaci mariƙin ƙarfen ne kan tsage. Daga nan gyaran yini guda ya zama sayen difaransha sukutum.

Yadda ake sauyawa

Da farko a tsayar da mota a wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a sa weji a ƙafafun baya. In an ɗaga ta, a tokare shasi da ƙafafun ƙarfe na musamman. Kada a kuskura a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko wadda aka ɗora a kan bulo. Sa'an nan a cire farantin ƙarfen da ke kare cikin mota, a tallafi tukunyar da wani jak da guntun katako, domin nauyinta ya isa ya karya ƙirjin mutum.

A waɗansu motoci bushin yana jikin mariƙi ne, wanda ake kwancewa a kai kan tebur. A waɗansu kuwa yana jikin tukunyar, sai an kwance farfela an sassauto da ita ƙasa. Kafin a kwance farfela a yi mata alama da fenti, domin a mayar da ita daidai yadda take, in ba haka ba tana iya kawo girgiza. Haka kuma kafin a fitar da tsohon bushin a lura da yadda ya fuskanta, gama waɗansu suna da ramuka a jikin robarsu waɗanda maƙera suka yi da gangan, kuma dole sabon ya zauna kamar yadda tsohon ya zauna.

Fitarwar ita ce wurin wahala, musamman in tsatsa ta kama zoben. Injin matsi ya fi kome dacewa. In babu, ana iya amfani da dogon noti da guntayen bututu masu faɗin zoben, a yi ta ɗaurewa har ya turo. In ya ƙi, sai a huda robar a cire bututun ciki, a zura zarto a yanka zoben a hankali ba tare da taɓa mazauninsa ba, daga nan ya saki. Makanikai da yawa sukan ƙone robar da wutar walda don sauri, amma zafin yana raunana ƙarfe, a ƙarƙashin mota kuma ga bututun mai kusa.

A goge mazaunin sarai, a daidaita sabon bushin, a matsa shi ta kan zoben waje kaɗai. Dukansa da guduma a kan bututun ciki yana yage robar tun ba ta fara aiki ba. Kada giris ya taɓa robar. Wajen mayarwa, a ɗaura dukan notuna da hannu tukuna har kowane ya kama zarensa, sa'an nan a ƙarasa da sifana mai awo bisa adadin da littafin motar ya faɗa. A duba man giya, a gwada mota, bayan 'yan kwanaki kuma a sake duba notunan. In ɗaya ya mutu, gara a sauya duka lokaci guda, tun da shekarunsu ɗaya. Abu mafi muhimmanci, a toshe yoyon man da ya kashe na farko, in ba haka ba sabon ma ba zai yi ƙarko ba.

Wanne za a saya?

A kasuwannin kayan mota irin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna mai saye yakan tarar da na kamfani, da kwaikwayonsa, da kuma tsohon da aka ciro daga wata mota. Tsohon bushin ya riga ya ci rabin ransa. Akwai kuma wanda ake yankawa daga tsohuwar taya, wanda zai iya fitar da matafiyi daga daji, amma ba zai zauna daram ya riƙe saiti ba. Wani iri kuma, na roba mai tauri da ake kira foliyuritan, ya fi jure mai, sai dai yana shigar da ƙara cikin mota, kuma yana bukatar irin nasa giris. Hanya mafi aminci ita ce a je da lambar shasin mota a nemi wanda ya dace da ita. Araha, an ce, ba ta ado.

A ma'aikatu, yawancin irin wannan ɓarna ba a kan hanya take farawa ba, a kan tebur take farawa. Direba yakan kai rahoton ƙara, takarda ta kwanta a fayil domin an ga mota tana tafiya, har ranar da za ta tsaya da maganin rigakafi ko takin zamani a tsakiyar daji. Ya kamata jami'in sufuri ya sa a riƙa duba waɗannan robobi duk lokacin da aka yi juyen baƙin mai, da kuma ƙarshen kowace damina, a rubuta abin da aka gani a littafin motar. Motar ta jama'a ce, kuɗin gyaranta ma daga aljihun jama'a yake fitowa.