Giɓin da ke cikin ƙurar taurari, da dutsen da ya faɗo a Gujba

A daren hunturu, duk wanda ya ɗaga kai a Gurbin Bore ko Shinkafi zai hangi tarin taurarin da ake kira Kaza da 'ya'yanta. Kusa da su akwai wani gajimaren ƙura da iskar gas da ido ba ya gani, inda ake haihuwar sababbin taurari. Kowane jaririn tauraro yana zaune ne a tsakiyar wani faifai na ƙura da ke juyawa, kuma daga wannan faifan ake samun duniyoyi irin tamu.

A watan Nuwamban 2014 ne na'urar hangen nesa ta ALMA, mai eriya 66 a hamadar Atakama ta ƙasar Cile, ta fitar da hoton ɗaya daga cikinsu, wato HL Tau, mai nisan tafiyar haske ta kimanin shekara 450. Faifan ya fito da zobba masu haske, da giɓi mai duhu a tsakaninsu. Masana sun yi mamaki, domin tauraron bai wuce shekara miliyan ɗaya ba, kuma ba a zaci duniyoyi za su fara tsirowa da wuri haka ba. A 2018 wani binciken ya duba fayafai 20, ya tarar da irin wannan zane a kusan dukkansu.

Sai dai manyan fayafai masu haske aka zaɓa, saboda su ne masu sauƙin ɗauka, alhali su tsiraru ne. Binciken da masana na jami'ar Leiden suka jagoranta a 2025 ya auna fayafai 73 a yankin Lupus, ya gano cewa kusan kashi biyu cikin uku ƙanana ne, ba su kai nisan da ke tsakanin Rana da duniyar Naftun ba.

Muhimmancin giɓin ya samo asali ne daga wata matsala da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya. Iskar gas da ke cikin faifai tana rage wa tsakuwoyi gudu, sai su riƙa gangarawa zuwa ga tauraron har ya haɗiye su. In babu abin da ya tare su, kayan gina duniyoyi za su ƙare kafin a aza harsashi. Amma idan wata duniya ta fara girma, nauyinta yakan share hanyar da take bi, ya bar giɓi. A bakin giɓin nan ƙura takan taru, kamar yadda yashi ke taruwa a bayan madatsar ruwa, kuma wannan tarin shi ne zoben. Saboda haka aka daɗe ana ɗauka cewa ƙananan fayafai sun tsuke ne domin ba su da irin wannan shinge.

Yanzu wannan zato ya fara rauni. Masu bincike a Japan sun sake tace tsofaffin bayanan ALMA da sabuwar dabarar kwamfuta, suka duba fayafai 78 a yankin Ophiuchus. A 2025 suka bayyana cewa 27 suna da zobba ko zane mai murɗewa, kuma 15 daga ciki ba a taɓa ganin zanensu ba sai a lokacin. Wato wasu fayafan da ake cewa sumul suke, ƙarfin hangen na'ura ne bai kai gare su ba. Duk da haka a yi hattara: ba kowane giɓi ne shaidar duniya ba. Inda sanyi ke daskarar da tururi, ko ƙarfin maganaɗisu, na iya haifar da zobe. A tauraron PDS 70 ne aka ɗauki hoton duniyoyi biyu a cikin giɓi, a 2018 da 2019.

Ita ma Rana ta taɓa samun nata faifan, shekara kusan miliyan 4,567 da suka wuce, kuma akwai alamar an yi giɓi a cikinsa. Duwatsun da ke faɗowa daga sama sun kasu gida biyu ta fuskar sinadarai, kamar an raba kayan da suka samar da su ba tare da sun gauraya ba. Wani bincike na 2017 ya danganta rabuwar da saurin girman Mushtari, wadda ta tsaya a tsakani tamkar katanga.

Guda daga cikin irin waɗannan shaidu ya sauka a Arewa. Ranar 3 ga Afrilu, 1984, wani dutse mai cike da dunƙulallen ƙarfe ya faɗo a yankin Gujba, a jihar Yobe ta yanzu. Masana sun sanya shi a rukunin duwatsun da kayansu suka fito daga can bayan giɓin. An farfasa shi bayan faɗowarsa, kuma yau ana samun gutsattsarinsa a ɗakunan bincike da hannun dillalai a ƙasashen waje. Harkar kuwa ta kuɗi ce: a watan Yulin 2025 an yi gwanjon wani dutsen duniyar Mars da aka tsinta a yankin Agadas kan sama da dala miliyan 5 a birnin New York, abin da ya sa gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka fitar da shi daga ƙasar.