Yadda Jirgi Ya Baro Ruwa Ya Hau Tudu A Minna

In mutumin Minna ya ce jirgi ya iso, ba mai tambayarsa wane jirgi, kowa ya san na ƙasa yake nufi. Alhali kuwa a wurin kakanninmu, jirgi abin ruwa ne kurum, wanda ake fito da shi a kogi, ko kuwa irin na Annabi Nuhu.

A ƙasar da ta zama Jihar Neja a 1976 ne kalmar ta soma hawa tudu sosai. Cikin 1907 Turawa suka fara shimfiɗa hanyar dogo daga Baro, a bakin Kogin Kwara, ta bi ta Minna, ta isa Kano a 1911. Ƙarafan aikin kuwa ta ruwa aka kawo su Baro. Watau jirgi ne ya ɗauko wannan baƙon abu mai hayaƙi, mutane kuwa suka raɗa masa suna jirgin ƙasa. A Jebba ma, kafin a gama gada a 1916, jirgin ruwa ke ƙetarar da taragun jirgin ƙasa. Da na sama ya sauka Kano a 1925, ba a sha wahalar neman suna ba.

Abin mamaki shi ne, yau mai sunan na asali sai an ce jirgin ruwa kafin a gane shi. Baƙi sun ƙwace masa gida.

Ta wajen nahawu, jirgi namiji ne. Jirgi ya tashi, amma mota ta tashi. Jam'insa jirage. Harafin nan "n" shi ke ɗaure shi da abin da ya biyo baya, kuma in an zo jam'i kan kalmar ne ke sakewa, wutsiyar ba ta motsi: jiragen ƙasa, ba jirgin ƙasashe ba. Har cikin magana ya shiga, in halin mutum biyu ya zo daidai sai a ce jirgi ɗaya ya kwaso su.

Mota da lori da reluwe duk aro ne daga Turanci, ba kuwa laifi. Amma mu ma'aikatan jarida da na rediyo, da zarar sabon abu ya zo sai mu yi wuf mu ari sunansa, ba mu ko duba rumbunmu ba. Leburorin Baro ba su da kwamitin fassara, ga shi sunan da aka raɗa a zamaninsu ya shekara fiye da 100 a bakin jama'a.