MAIGIDA NA KURMI, NAƘUDA TA TASHI A GIDA: WA ZAI BA DA IZINI?

Dubban magidanta 'yan Arewa da ke neman abinci a Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Shagamu sun baro iyalinsu a gida hannun iyaye. To, abin tambaya shi ne, ran da naƙuda ta zo da gardama cikin dare, maganar wa za a bi?

A yawancin gidajen ƙasar Hausa matar aure ba ta fita sai da izinin mijinta. In ba ya nan, magana ta koma ga mahaifinsa ko wansa, amma a sha'anin haihuwa uwar miji ce sarauniya. Ita kuwa sau da yawa ta haifi goma a ɗaki lafiya lau, don haka ba ta ganin dalilin zuwa awo, balle a ce namiji ne zai duba surukarta. Yarinya mai cikin fari kuma kunya ta ɗaure mata baki, ko tana jin jiki ba ta faɗa. Sai a ba ta rubutu, a kira ungozoma, a yi ta jira. Wan miji yana tsoron ya ɗauki matar ƙanensa zuwa asibiti a yi mata aiki, daga baya a ce shi ya jawo. Kowa na jiran kowa, jini na zuba.

Wannan jira ba sabon abu ba ne. Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, ya tarar mafi yawan matan da suka rasu ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 kuma ya nuna kimanin kashi 16 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Arewa maso Yamma ake yi a asibiti, alhali a Kudu maso Yamma, inda mazan ke zaune suna gani da idonsu, abin ya haura kashi 70. Waɗanda suka tsira daga doguwar naƙuda, da yawansu sai an kai su Babbar Ruga ta Katsina a yi musu ɗinkin yoyon fitsari, wasu ma bayan mijin ya sake su.

Wayar hannu ta rage nisa, amma fa caji kan ƙare, layi kan ƙi shiga. Shi ya sa ma'aikatan lafiya a jihohi irin su Jigawa da Zamfara suka riƙa roƙon magidanta su ba da izini tun cikin yana ƙarami, cewa in an ga jini, ko jijjiga, ko naƙuda ta yi tsawo, a tafi asibiti kada a neme su. A wasu garuruwan an shirya da direbobin ƙungiyar NURTW su ɗauki mai naƙuda ko da tsakar dare ne. Sai dai izini ba ya zuba wa mota mai. Kuɗin da aka aiko daga Ikko, in ya shiga aljihun wa ko kawu, da wuya a tarar da shi daren da ake nema. Wanda ke ƙulle a bakin zanen mai cikin shi ne a kusa.