Tara Saƙonni a Manhaja Ɗaya: Amfaninsa da Iyakarsa a Ƙasar Ƙonni

Wayar salula a yankunan Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, kayan sana'a ce kafin ta zama kayan hira, domin da ita manomin albasar Galmi ke jin farashi, da ita direban da ke ɗaukar siminti daga Malbaza ke sanin inda zai sauke kaya, kuma da ita ɗan canjin sefa da naira ke bibiyar kasuwa. Kasancewar Ƙonni na bakin iyaka, daura da garin Illela na jihar Sakkwato (wanda ya sha bamban da Illelar Nijar, ko da yake sunansu ɗaya), ya sa ƴan kasuwa da dama ke riƙe da layi biyu, na Nijar mai lambar 227 da na Najeriya mai 234, alhali saƙonninsu na warwatse tsakanin WhatsApp da Messenger da Telegram da tes na kan layi.

Tunanin tara waɗannan duka a wuri guda ya daɗe, tun manhajar Gaim ta shekarar 1998, wadda aka sauya wa suna zuwa Pidgin a 2007, da Trillian ta shekarar 2000. A yau wadda ta fi suna ita ce Beeper, da kamfanin Automattic ya saya a watan Afrilun 2024. Tana aiki ne da abin da masana ke kira gada, wato wani ɗan shiri da ke shiga asusun mutum a madadinsa, ya karɓo saƙo daga wata manhaja, ya juya shi zuwa tsarin da akwatin haɗaka, wato manhajar da ke tara saƙonnin, ke ganewa, sa'an nan ya mayar da amsa ta hanyar da saƙon ya biyo.

Raunin wannan dabara yana cikin ginin gadar kanta, domin an kafa ta ne a filin wani, kuma mai fili na iya rushe ta ranar da ya ga dama. A watan Disambar 2023 Beeper ta fito da hanyar da masu Android za su shiga iMessage na kamfanin Apple, amma cikin ƴan kwanaki Apple ya toshe ƙofar, kuma kafin watan ya ƙare Beeper ta haƙura. Kamfanin Meta ma, wanda ya mallaki WhatsApp da Messenger da Instagram, ya haɗa hirar Instagram da ta Messenger a 2020, ya kuma raba su a ƙarshen 2023. Dokar Tarayyar Turai da ta tilasta wa WhatsApp buɗe ƙofa ga wasu manhajoji tun daga Maris 2024 ta tsaya ne a Turai, ba ta shafi mai lambar Nijar ba.

Batun sirri ya fi wannan nauyi. Tun watan Afrilun 2016 WhatsApp ke kulle kowane saƙo da makullin da babu mai shi sai mai aikawa da mai karɓa, to amma gada ba ta iya juya saƙo sai ta buɗe shi, saboda haka idan tana zaune a kwamfutar wani kamfani, ba a cikin wayar mutum ba, an ƙara hannu na uku a cikin magana. Ga ɗan kasuwar da ke aika hoton rasiɗin kuɗi na Nita ko Amana, wannan ba ƙaramin abu ba ne, balle kuma idan ɓarawo ya sace wayar da aka tara ƙofofi huɗu a bayan makulli ɗaya.

Sai kuma abin da masu ƙera waɗannan manhajoji ba su cika lura da shi ba, wato yadda mutanen wannan yanki ke amfani da waya, inda saƙon murya da kira suka fi rubutu yawa, ganin cewa ba kowa ke karanta boko ba. Akasarin akwatunan haɗaka ba sa ɗaukar kiran WhatsApp, kuma ba sa ba mutum damar goge manhajar asali, domin suna shiga ne a matsayin na'urar da aka jona, wadda WhatsApp ke sallama idan babbar wayar ta wuce kwana 14 ba a yi amfani da ita ba. Ke nan ƙaramar wayar da ta riga ta cika ta sami ƙarin kaya, mega kuma na ƙonewa kamar da. Haka nan babu gadar da ke aiki idan rezo ya ɗauke, kamar yadda aka gani lokacin da aka katse intanet na salula a Nijar bayan zaɓen Fabrairun 2021, lokacin da kira da tes kaɗai suka rage.

Wasu kan koma ga manhajojin jabu irin su GBWhatsApp don samun ƙarin dabaru, alhali WhatsApp na rufe lambobin masu amfani da su. Abin da ya fi dacewa da bukatar bakin iyaka ya riga ya zo tun watan Oktoban 2023, sa'ad da WhatsApp ya ba masu Android damar ɗora asusu biyu a waya ɗaya, kuma ga mai ciniki tsakanin Ƙonni da Sakkwato wannan ya fi kowace manhajar haɗaka biyan bukata.