Ɗakin da Ake Koyon Tambaya Kafin a Koyi Gyara

Abin da ya kai ni wannan ƙaramar makarantar koyon gyaran kwamfuta, wadda ke saman wani bene a birnin Kano, al'amari ne da ya daɗe yana ɗaure mini kai, wato dalilin da ke sa na'urori biyu, kowace lafiyarta lau in an gwada ta ita kaɗai, su ƙi jituwa da zarar an haɗa su da waya, har mai su ya fid da rai ya tura ɗaya ƙarƙashin tebur ƙura ta binne ta. Bayan gaisuwa da ruwan sanyi, sai maigidan wurin, wanda almajiransa ke kira Oga, ya ce in zauna in ga amsar da idona.

Ba a jima ba wata baiwar Allah mai shagon buga takardu ta hawo, yaro na biye da ita ɗauke da firinta ta gwanjo. Wani almajiri mai zafin nama ya kama filogi zai cusa a soket, Oga ya riƙe hannunsa ya ce, "Juya bayanta ka karanta tukuna." A jikin 'yar takardar da ke manne kusa da bakin wuta an rubuta 110. Don wutar Amurka aka ƙera ta, alhali tamu ta Nijeriya 230 ce, da kuwa an jona ta ba tare da ƙaramin taransifoma mai rage ƙarfin wuta ba, da ƙauri kawai za a ji. Abin da ke ruɗin mutane shi ne cajar laftof, wadda galibi takan karɓi wuta daga 100 har 240, sai su zaci kowace na'ura haka take.

Mafi yawan rashin jituwar kuwa ido ba ya ganinsa. Tsakanin kwamfuta da kowace na'ura akwai wata 'yar manhaja da masu gyara ke kira direba, wadda matsayinta kamar na tafinta ne a gaban alƙali, in babu shi kowa ya yi ta magana ba mai fahimtar wani. Firintar da aka rubuta wa direba a zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001 aka daina kula da ita a 2014, sau da yawa ba ta da wanda zai yi mata magana da sabuwar kwamfuta mai tsarin bit 64. Ga kuma saɓanin baki: tsohuwar wayar firinta mai allura 25 ba ta da mazauni a injin da USB kaɗai ya sani, haka majigi mai VGA ba ya jin HDMI sai an sa musu na'urar da ke juya saƙon a tsakani.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne, kafin a ba almajiri sukundireba a wannan ɗaki, sai an koya masa ladabin tambaya. Oga yakan aiki sabon yaro Titin Beirut ko kasuwar Farm Centre neman wata waya ko wani bayani wurin mutanen da bai taɓa gani ba, da sharuɗɗan da ba a sassautawa: ya yi sallama, ya jira mai shago ya sallami wanda ke gabansa, kada ya tari mai ƙirga kuɗi ko mai haramar salla, sa'an nan ya miƙa takardar da ya rubuto sunan na'urar da lambarta da abin da aka riga aka gwada. "Wanda ya je ya ce wa mutum firinta ta ƙi yi, bai tambayi kome ba," in ji Oga. "In kuma shawarar ta yi aiki, wajibi ne ya koma ya faɗa, domin mai ilimi yana son jin inda iliminsa ya kai." A ganina wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi daraja, shi ne kuma wanda mutane suka fi sakaci da shi.

Ana cikin haka wani dattijo ya hawo benen a hankali, yana dafa bango, da 'yar jakar fata a hammata. Tsohon akawun wata makarantar Islamiyya ne, wanda ya share shekaru yana buga tarihin malaman unguwarsu da silsilar waɗanda suka yi karatu a hannunsu, a wata tsohuwar kwamfuta da aka ba shi sadaka. Da ta mutu, jikansa ya kwashe masa fayilolin a filas, amma duk inda aka buɗe su sai a ga ɓarna. Na leƙa allon na gani: inda ya rubuta ƙasa ya zama }asa, ɗaya ta koma ]aya, shafi bayan shafi.

"Ɗana," ya ce wa Oga, "na kai shago biyu, yara suka yi dariya suka ce ƙwayar cuta ce ta cinye. Daga nan ban ƙara nuna wa kowa ba. Mutumin da ya shekara arba'in ana zuwa tambayarsa, da nauyi ya tsaya gaban sa'an jikansa bai ma san sunan abin da zai tambaya ba. Malaman nan duk sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka ba ni labarinsu ma saura ƙalilan. Kullum na kwanta sai in ji kamar amana ce na tozarta."

Oga ya sauko daga kujerarsa ya durƙusa kusa da shi. "Allah gafarta Malam, ko harafi ɗaya bai ɓata ba. A wace shekara aka fara bugawa? Wa ya sa muku haruffan Hausa a injin?" Dattijo ya tuna cewa wani malamin jami'a ne ya kawo su a faifai. Nan take al'amarin ya warware. A farkon zuwan kwamfuta babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinta, sai masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero suka ƙirƙiro samfurin haruffa masu lanƙwasa, wanda ya zama rahama ga marubutan Hausa na lokacin. Irin waɗannan samfura sukan ari gurbin wasu alamomi su ɗora haruffanmu a kai, saboda haka injin da ba shi da samfurin sai ya nuna alamar asali. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa, ita ce kwamfutoci da wayoyin yau suka sani.

Oga ya kira almajirin nan mai zafin nama, ya sa shi ya umarci injin ya musanya kowace alama da harafinta na Unicode, manya daban, ƙanana daban. Dattijo ya sa tabarau ya karanta sunan malaminsa na farko daidai, ya yi hamdala, muryarsa na rawa. Sai dai aikin bai ƙare nan ba, domin akwai wuraren da ya yi amfani da baka ta gaskiya wajen shekarun wafati, su ma injin ya mai da su haruffa. Aka yi ittifaƙi zai riƙa zuwa kowace Asabar da hantsi, yaron na karantawa shi yana gyarawa, Oga kuma ya ce kafin su fara a ajiye kwafin asali a filas biyu, ɗaya a makarantar gyaran, ɗaya a gidan Malam.