Tsufa na rage gudun ruwan da ke wanke ƙwaƙwalwa, in ji binciken da aka yi kan ɓeraye

Duk wanda kaluluwa ta taɓa fito masa a wuya ko a hammata ya san akwai wasu hanyoyin ruwa a jiki waɗanda ba na jini ba ne. Su ke kwashe ƙwayoyin cuta da dattin da jiki ya gama da shi. Ita ma ƙwaƙwalwa da su ta dogara, domin kaso mai yawa na ruwan da ke wanke ta, ta waɗannan siraran jijiyoyi na wuya yake sauka.

A shekarar 2024, masu bincike na Jami'ar Rochester da ke Amurka, cikinsu har da Maiken Nedergaard da Douglas Kelley, sun bi sawun wannan ruwa a wuyan ɓeraye, matasa da tsofaffi, suka wallafa sakamakon a mujallar Nature Aging.

Jini yana da zuciya mai tura shi. Waɗannan jijiyoyi kuwa da kansu suke matsewa gaɓa-gaɓa, kuma tsakanin gaɓa da gaɓa akwai ɗan marfi da ke hana ruwa komawa baya. A jikin tsofaffin ɓeraye matsewar ta ragu, marafan sun daina rufewa da kyau, har gudun ruwan ya ragu da kashi 63 cikin 100 idan aka kwatanta da na matasa.

Abin damuwar shi ne irin dattin da ke makalewa. Cikinsa akwai sinadaran amiloyid da tau, waɗanda taruwarsu ke da alaƙa da cutar mantuwa ta Alzheimer.

Sai masu binciken suka gwada wani magani da likitoci suka daɗe da sani, prostaglandin F2α, wanda ake tayar da naƙuda da shi saboda yana sa tsoka ta matse. Da aka sa shi a kan jijiyoyin wuyan tsofaffin ɓerayen, gudun ruwan ya koma kamar na matasa.

To, amma kada wani ya ji haka ya aika kuɗi gida a sayo wa kaka. Ɓera ba mutum ba ne, kuma ba a nuna cewa maganin yana dawo wa tsoho da tunaninsa ba. Abin da ya ƙarfafa wa masu binciken gwiwa shi ne jijiyoyin suna dab da fatar wuya, inda magani zai iya isa gare su ba tare da an taɓa ƙoƙon kai ba.