Annobar da ta kwance wa manoman Ingila dabaibayi

An saba danganta 'yancin manoman Ingila da boren da talakawa suka yi a 1381, amma abin da ya kwance musu dabaibayi ya riga boren da shekara talatin da 'yan kai. A 1348 baƙar annoba ta shiga ƙasar, ta kwashe tsakanin sulusi da rabin jama'a. Kafin nan manomi ɗaure yake da ƙasar ubangidansa: yana yi masa aikin gandu kyauta, ba ya ƙaura sai da izini, ko aurar da 'yarsa zai yi sai ya biya. Bayan annoba kuwa gonaki suka yi yawa, hannu ya yi kaɗan, hatsi ya nuna babu mai girbi. Ɗan ƙodago ya gane cewa shi ake nema.

Sarki Edward na Uku ya so ya taka wa abin birki da dokokin 1349 da 1351, waɗanda suka mayar da ladan aiki yadda yake kafin annoba. Masu gandun da aka yi dokar dominsu su ne suka fara karya ta, domin wanda alkamarsa ke zubewa a gona ba ya jiran hukuncin alƙali. Sai su biya ladan doka a fili, su ƙara da abinci da giya da 'yan kwabbai a bayan fage.

Mai ja da wannan magana zai ce ai boren ne ya razana masu mulki. Ya razana su kam: harajin sule ɗaya a kan kowane baligi ya tunzura mutanen Essex da Kent, suka shiga Landan, suka ƙone takardun da ke tabbatar da bautarsu. Sai dai an kashe jagoransu Wat Tyler a Smithfield, Sarki Richard na Biyu, yaro ɗan shekara 14, ya janye duk alkawuran da ya ɗauka. Da bore ne tushen 'yancin, da a nan ya mutu.

Hujja mafi ƙarfi ga mai ja ita ce ta Rasha, inda ƙarancin hannu ya sa aka ƙara ɗaure manoma, har dokar 1649 ta rufe musu ƙofar ƙaura gaba ɗaya. Ashe ƙarancin kaɗai bai isa ba. A Ingila masu ƙasa sun kasa haɗa kai, kowa na zawarcin manomin maƙwabcinsa, ga garuruwa da masaƙun ulu suna karɓar duk wanda ya tsere. Mai gandu ya ga gara ya ba da gonarsa haya ya karɓi kuɗi, zuwa wajen 1500 kuwa aikin dole ya kusa ɓacewa ba tare da wata doka ta soke shi ba.